WAI DON YA KAI MATARSA KALLON TSUNTSAYE?

Wata 'yar muhawara ce ta tashi a majalisarmu ta Agege ranar Lahadin da ta wuce, har yau kuwa ba ta bar ni na sake ba, shi ya sa na ga gara in kawo ta wannan fili kowa ya sa baki.

Akwai wani abokinmu mutumin Arikya, cikin ƙasar Lafia ta Jihar Nasarawa, wanda ya daɗe yana sayar da doya a nan Ikko. Da ya je ganin gida cikin ranin nan, sai ya ware yini guda, ya ɗauki uwargidansa tun da asuba, suka nufi Gandun Dajin Pandam da ke kan hanyar Lafia zuwa Shendam. Ba ziyarar dangi suka je ba, ba kuma cin kasuwa ba. Hoton tsuntsaye suka je ɗauka da wata 'yar kyamara da ya saya gwanjo. Da ya komo sai ya kawo hotunan majalisa yana ta murna. Rabinsu dishi-dishi, ba ka ganin komai sai ruwa da ciyawa. Wanda ya fi kyau duka, watau na garken kirinjijiya sun tashi gaba ɗaya daga bakin tafki, ya ce ita ce ta ɗauka, domin ta fi shi haƙurin zama shiru. Ya ce har sai da ta ce masa, “Malam, in ba za ka daina motsi ba, miƙo mini abin nan.”

Kai, ranar ya sha dariya! Wani ya ce ashe zaman Ikko ya mai da shi Bature. Wani ya ce wannan ai aikin mijin-ta-ce ne. Wani dattijo mai sayar da tsuntsaye cikin keji ya ce shi abin da ya ba shi haushi kuɗin mota, a ce mutum ya ƙona mai don tsuntsun da muke harbi da danƙo muna yara.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na dara. Amma da dariya ta lafa sai na tambayi majalisa: a cikinku wa ya ga gauraka a daji, ba a gidan mai kuɗi ba, cikin shekara ashirin ɗin nan? Aka yi tsit. Na ce to, ungulu fa? Mahauta biyu na zaune, suka dubi juna. Da can ba a yanka a kowace mahauta ta Arewa ba tare da ungulaye sun jeru bisa katanga suna jiran rabonsu ba, har yara na korarsu da sanda. Yau akwai saurayin da ya isa aure bai taɓa ganin ungulu ba sai a karin magana. A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa.

To, ina suka tafi? A nan ne maganar ta shafe mu, mu mazauna Kurmi. Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu kayan tsibbu a kasuwannin Ikko ko Badun ya ga kawunan ungulu a shanye, da fukafukai, da ƙafafu. Yawancinsu daga Arewa ake kawo su, wasu ma tun daga Nijar da Cadi da Kamaru, kuma motocin da ke kawo mana shanu da albasa su ne ke ɗauko su. Gauraka kuwa kyanta ne ya ja mata, ana kama ta da rai a sayar wa masu hali su yi wa tsakar gida ado. Tun 1985 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 11 don hana cinikin namun dajin da ke neman ƙarewa, amma dukanmu mun san a bainar jama'a ake yinsa. Ashe ke nan mu ne muka kwashe tsuntsayen garinmu muka kawo Kudu a buhu, sa'an nan muka koma gefe muna yi wa wanda ya je ya gano sauran dariya.

Kada wani ya ce ai ungulu ƙazamiya ce, tafiyarta ba hasara. Mutanen Indiya sun ga abin da ya biyo baya. Cikin shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa ya riƙa kashe ungulayen da suka ci mushensu, har fiye da kashi 90 cikin ɗari suka mutu. Mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Ma'aikaciyar tsabta ce da ba ta karɓar albashi.

Bari mu koma kan inda abokin namu ya je, domin da yawa daga cikin mutanen Lafia da ke nan ba su san abin da ke bayan gidansu ba. An kafa gandun Pandam a 1972, zamanin Jihar Binuwai da Filato, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 200. Da aka yanke Nasarawa daga Filato a 1996 sai ya faɗa ɓangaren Filato, amma tsuntsu bai san iyakar jiha ba. A cikinsa akwai tafki mai dorina da ayu, an kuma ƙirga tsuntsaye fiye da iri 200. Da rani kirinjijiya kan taru a wurin garke-garke. A 2008 aka sa tafkin cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Can gaba a Filaton dai akwai Dutsen Wase, inda kwasakwasa ke zuwa yin ƙwai, wuraren da take yin haka kuwa ƙalilan ne a Afirka.

Ga mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa, nasu ma ya fi. Duk shekara idan sanyi ya kankama a Turai, tsuntsaye dubbai kan ƙetare teku da Sahara su sauka a fadamun nan, su ci rani, sa'an nan su koma. Saboda su ne mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya taka har Dagona a 1989. Ita kuwa shamuwarmu, wadda iyayenmu suka hana mu jifa domin zuwanta ke nuna damina ta kusa, da kaka ta yi sai ta nausa kudu, ta wuce har gabashi da kudancin Afirka, ba ta komowa sai ta ji ƙamshin ruwa. Ku gaya mini, wace sana'a ce wannan in ba tamu ba? In akwai wanda ya kamata ya ji tausayin tsuntsu mai tafiya ya komo ya tarar an sare itacen da ya saba sauka, ai ɗan ci-rani ne.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba ƙarya ba ne. Za a ce mai yunwa ba ya kallon tsuntsu sai da niyyar miya. Za a ce manomin da jan-baki ya cinye wa gero ba ya son jin wannan zance. Haka ne, ban kuwa ce a bar jan-baki ya ci gona ba. Amma a duba lissafin. Maharbin da ya kashe ungulu sau ɗaya zai sayar da ita, mafi yawan ribar kuma ta dillali ce. Tsuntsun da ke raye kuwa yau a ɗauki hotonsa, gobe wani ya zo ya ɗauka, kowane zuwa mai mota ya samu, mai abinci ta samu, ɗan rakiya ya samu. A ƙauyen Laminga kusa da Jos, tun farkon shekarun 2000 aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye da haɗin gwiwar Jami'ar Jos, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka, 'yan ƙauyen kuma na samun aiki. A duwatsun wannan yankin ne aka gano wani ɗan jan tsuntsu a 1998 wanda masanan duniya ba su san da shi ba. Yaran wurin kuwa tun kaka da kakanni suke ganinsa.

Saura batun uwargida, wanda a ganina shi ne ainihin abin da ya tsone wa majalisa ido. Mu faɗi gaskiya. Da yawanmu mun ɗauko 'ya'yan mutane daga garuruwansu mun ajiye su cikin ɗaki ɗaya a Idi-Araba ko Sabon Badun, shekara ta zagayo ba su ga komai ba sai bangon maƙwabta da layin famfo. Idan an je gida kuma, mu muna majalisa, su suna madafa. Mutum ya ɗauki halalinsa, da lulluɓinta, da rana tsaka, suka zauna bakin ruwa suna duban halittar Allah, suka ci ɗan guzurinsu suka komo kafin magariba. Ina abin kunya a nan? Abokin namu ya ce a yinin nan ya ji labaran ƙuruciyarta da bai taɓa ji ba cikin shekara goma sha huɗu da aurensu, har da sunayen tsuntsaye da harshen kakarta, waɗanda shi bai sani ba.

Saboda haka ina kira ga duk mai niyyar zuwa gida da rani, ya tambayi lafiyar hanya tukuna, sa'an nan ya ware yini guda shi da iyalinsa. Ba sai da kyamara ba, wayar hannu ma ta isa. Shugabanninmu na zango da na kara kuma, ya kamata su ja kunnen direbobi game da buhunan nan da ake cusawa ƙarƙashin kaya.

Da za mu watse ranar, dattijon nan mai keji ya kira abokin namu gefe ya ce ya sake nuna masa hoton kirinjijiyar. Ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya tambaya ko sun ga gauraka a can. Aka ce masa a'a. Ya ce shi ma yau shekara shida ke nan yana sallahu, ba wanda ya kawo masa ko ɗaya.