Wa Ya Ce Daji Ba Shi da Mai Shi?

Akwai wata magana da ta zame mana mayafin ɓarna a Zongon Kumasi, wato "daji na Allah ne". Da ita samari ke cika mota da karnuka da bindigogi idan rani ya kama, su nufi yankin Ejura ko Atebubu, su sauka a dajin da ba su san sunan sarkinsa ba, su cinna wuta, su kashe duk abin da ya fito da gudu. Da ita mu kuma muke sayen naman mu ci ba tare da tambaya ba. E, daji na Allah ne. Gonar mahaifinka ma ta Allah ce, amma ban taɓa ganin wanda ya yarda baƙo ya shiga ya girbe ta da wannan hujja ba.

Yanzu kuma an samu sabuwar hujja daga wayar hannu. Matasanmu na kallon bidiyon Turawan Amurka masu farauta da kwari da baka a YouTube, sai ka ji ana cewa ai ko a can akwai dajin gwamnati da kowa ke shiga ya harbi abin da ya ga dama. Wannan karatun rabin shafi ne, bari mu ƙarasa shi.

Gaskiya ne gwamnatin tarayyar Amurka na riƙe da eka kusan miliyan 640, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar, kuma talaka na da damar farauta a mafi yawanta. A tsaunukan jihohi irin su Kolorado da Montana akwai wata dabba dangin barewa da suke kira elk, namijinta ya kan fi gwanki nauyi. Masu baka suna fita nemanta a watan Satumba, lokacin barbara. Amma kafin mutum ya taka dajin sai ya sayi lasisi, sai ya samu takardar izinin dabba ɗaya tak a yanki ƙayyadadde. A wasu yankunan ma ƙuri'a ake jefawa, mutum ya yi shekaru yana jira.

Shi kuma aikin na gaskiya tun watanni kafin ranar buɗe farauta ake yinsa. Maharbin zai zauna da taswira ya tantance inda ƙasar gwamnati ta ƙare, inda ta wani mutum ta fara, domin tsallaka iyaka laifi ne. Zai nemi wurin da abinci da ruwa da maɓoya suka haɗu, nesa da hanyar mota. Sannan ya je da ƙafarsa ya duba sawu da kashi, da bishiyoyin da namiji ya goga ƙahonsa, da taɓon da yake birgima. Zai lura da yadda iska ke gangarowa daga tsauni da asuba, ta juya sama idan rana ta yi zafi, saboda kibiya ba ta da amfani sai ya matso kamar taku talatin ko arba'in, dabbar kuwa da hanci take tsaron ranta. Duk da wannan wahala, yawancinsu hannu rabbana suke komawa gida.

Me ya sa suka ɗaure kansu haka? Saboda sun taɓa yin irin abin da muke yi yanzu. Dabbar da aka ƙiyasta ta kai miliyan 10 kafin zuwan Turawa ta koma ƙasa da dubu 100 a farkon ƙarni na 20. Da suka ga uwar bari sai suka kafa lokaci da iyaka, kuma a 1937 suka sa haraji kan bindigogi da harsashi don kula da namun daji, daga baya aka haɗa da kwari da baka. Yau dabbar ta kai wajen miliyan ɗaya. Ba ina wanke Amurka ba ne, don ƙasar nan da suke alfahari da ita daga hannun 'yan asalin wurin aka ƙwace ta. Abin da nake nunawa shi ne, ko a inda ake cewa daji na kowa ne, ma'anarsa kowa na da hakki a ciki, har da wanda ba a haifa ba.

Abin takaicin shi ne, duk abin da Baturen nan ke yi da taswirar waya, maharbin ƙasar Hausa ya san shi tun kaka da kakanni. Ya san sawun gada daban da na mazo, ya san ɗanyen kashi da na jiya, ya san inda namun daji ke zuwa lasar kanwa. Ya kan ɗebi ƙura ya saki don ya ga inda iska ta nufa. Ba ya shiga sabon daji sai ya gaida mai gari, kuma yana da Sarkin Baka ko Sarkin Dawa da zai tsawata masa. Ko farautar gayya da ake yi da karnuka tana da shugaba, tana da lokaci, sai an kawar da amfanin gona. Wani zai ce ai kibiyarsu ma da dafi. Haka ne, amma dafin kwankwani dabba ɗaya da aka zaɓa yake samu, maharbi ya bi sawunta ya yanka. Maganin feshi da ake zubawa a bakin ruwa yau kuwa bai san uwa ba, bai san ɗa ba, bai san yaron da zai sha romon ba.

To balle a Gana, inda babu dajin da ba shi da mai shi. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar nan tana hannun sarakunan gargajiya da dangogi. A ƙasar Asante kowane fili yana ƙarƙashin wata kujerar sarauta. Suna da ranakun da ba a shiga daji, suna da kurmin da ba a taɓawa, kuma a al'adarsu maharbi kan kai wa sarki cinyar abin da ya kashe. Abin da ke hannun gwamnati kuwa, irin su Mole da Digya da Kogyae da Bomfobiri kusa da Kumawu da Owabi da ke bayan garin nan, an keɓe su ne don kada a yi farauta a ciki sam. Wanda ya kwatanta su da dajin Amurka ya juya zancen a baibai.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar kare namun daji ta 1971 ta wajabta lasisi, kuma kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta saboda lokacin haihuwa ne, in ban da gyazbi, shi ma da lasisi. Gyaran da aka yi mata a 1989 ya hana farautar gayya. Dokar 1990 ta hana cinna wa daji wuta, bayan ƙasar ta ɗanɗana gobarar daji da yunwar 1983, wadda dattawanmu ba su manta ba. Duk da haka je ka kasuwar Atwemonom a tsakiyar Kumasi ka ga abin da ake saukewa. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2004 ya nuna cewa a gandun daji shida na Gana, namun daji iri 41 sun ragu da kashi 76 cikin 100 tsakanin 1970 da 1998. A cikin gandun da ke da masu gadi ke nan. Ina ga inda babu?

Na san amsar da za a ba ni: talauci, da kuma cewa masu galamsey da masu yankan katako sun fi mu ɓarna. Ban musa ba, kuma duk ranar da aka tashi yi musu tofin Allah tsine ina sahun gaba. Amma zunubin wani bai taɓa zama alwalar wani ba. Kuma talakan da ake fakewa da shi, shi ne wanda wutar ke cinye wa gonar doya da kashu. Mu tuna kuma da matsayinmu. Rikicin makiyaya da manoma a Agogo ya nuna mana yadda maganar ƙasa ke ƙarewa a nan, kuma waɗanda suka ga korar baƙi ta 1969 suna raye. Idan mota ɗaya ta ƙona gonar wani ƙauye, ba sunan direba za a kira ba, cewa za a yi "mutanen Zongo". Wake ɗaya ke ɓata gari.

Addinin da muke taƙama da shi ma bai bar mu sakaka ba. Risala da muka karanta a zaure ta karhanta farauta don wasa. Dabbar da wuta ta ƙona ko guba ta kashe ba a yanka ba, mushe ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Kalmar hurumi da ke bakinmu ba daga Turawa muka aro ta ba.

Saboda haka ga abin da nake kira a kai. Wanda zai yi farauta ya fara da zaɓen wuri: ƙasar wane ce, an ba shi izini, lokaci ya yi, yana da lasisi? Ya je ya duba dajin tun kafin ranar, ya san inda gonaki suke da inda dabba ke bi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ya bar mai ciki da mai shayarwa, ya bar ashana a gida. Sarakunan Zongo da limamai su sa baki, su haɗa maharbanmu ƙarƙashin shugaban da za a iya kama shi da laifinsu, kamar yadda mahauta ke da Sarkin Fawa. Mu kuma masu saye, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk wanda aka kawo wa naman mazo a watan Oktoba ya san ba ta hanyar ƙwarai ya zo ba, ya mayar wa mai shi.

Wanda ba zai iya wannan ba, ya daina kiran kansa maharbi, ya nemi wani suna. Allah ya sa mu gyara.