Kalmar «kyauta» ce take korar 'yan kasuwa daga Linux

Duk lokacin da masu kishin Linux suka samu zama da mai kamfani, da kalma ɗaya suke buɗe baki: kyauta ce. Suna faɗinta da fara'a, suna ganin ta gama magana. A daidai wannan kalma kuwa mai kamfanin yake daina sauraro. Wanda ya shekara ashirin yana saye da sayarwa ya san banza ba ta kai zomo kasuwa, saboda haka abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne inda aka ɓoye tarkon. Ba jahilci ne ya sa shi wannan tunani ba. Mai tallan ne ya zo da hujja mafi rauni daga cikin waɗanda yake da su.

A Kano ko Kaduna ko Maraɗi, raunin hujjar ya ma fi fitowa fili. Kwamfutoci da yawa a shaguna da ƙananan ofisoshi suna aiki ne da Windows ɗin da mai gyara ya ɗora ba tare da lasisi ba. Mai shagon bai taɓa biyan Microsoft ko kwabo ba. In aka ce masa Linux za ta rage masa kashe kuɗi, wane kuɗi ke nan?

Ruɗanin daga Turanci ya samo asali, inda kalma ɗaya take ɗaukar ma'anar kyauta da ta 'yanci. Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU a 1983, ya daɗe yana nanata cewa 'yanci yake nufi. Lasisin GPL, wanda Linus Torvalds ya sa wa Linux jim kaɗan bayan ya fara ta a 1991, ya ba kowa damar karanta rubutun manhajar, ya gyara, ya raba, har ya sayar in ya ga dama. Hausa tana da kalmomi biyu mabambanta, ba ta da uzurin wannan ruɗani, amma sai masu talla suka zaɓi wadda ba ita ake nufi ba. Kamfanin Red Hat, wanda IBM ya saya a kan dala biliyan 34 a 2019, ba da rabon kyauta ya kai wannan daraja ba. Kulawa yake sayarwa, da alkawarin cewa in abu ya lalace akwai wanda zai amsa kira.

Maganar da ta kamata a kai wa ɗan kasuwa ita ce ta iko: wa yake yanke ranar da kwamfutarsa za ta daina amfani? Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya dakatar da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ga Windows 10. Windows 11 da ta gaje ta tana buƙatar wani ƙaramin guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma sabon samfurin ƙwaƙwalwa, abin da tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi. Kamfanin da ke son ci gaba da samun gyaran tsaro sai ya biya dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara, har shekara uku. A ƙasar da ofisoshi suka dogara da kwamfutocin tokumbo, wannan hukunci ne da aka yanke a wata nahiya a kan kayan da lafiyarsu ƙalau. Ga kuma canji: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Duk manhajar da ake biyan hayarta da dala ta ninka tsada ba tare da an ƙara mata komai ba. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane bambancin shagon haya da shagon da mutum ya gina, kuma da wannan harshen ya kamata a yi masa magana.

Misalin da ya fi dacewa da teburin mai kamfani na wani kamfani ne a Kalifoniya, Ernie Ball, mai ƙera tsirkiyar gita. A shekarar 2000 ƙungiyar da ke kare haƙƙin manyan kamfanonin manhaja, wato BSA, ta sa aka yi wa ofishinsa dirar ba-zata, aka sami wasu manhajoji marasa lasisi. Tara da kuɗin lauyoyi suka kai wajen dala 100,000, aka kuma yayata sunan kamfanin a matsayin izina ga saura. Shugabansa, Sterling Ball, ya umarci a raba kamfanin da kayan Microsoft, suka koma Linux, aiki kuma bai tsaya ba. Aƙida ba ta cikin lissafinsa. Ya ƙi ne wani ya sake samun damar shigo masa gida ya wulaƙanta shi.

Tambayar da mai kamfani kan yi bayan nan ita ce: in ta lalace, wa za a kira? Amsar da aka saba ba shi, wai akwai dubban masu taimako a intanet, cin fuska ce ga mutumin da ke da albashin ma'aikata hamsin a wuyansa ƙarshen wata. Amsa ta gaskiya tana nan. Red Hat da SUSE da Canonical duk suna sayar da kwangilar kulawa, Ubuntu kuma tana fitar da bugu mai dogon zango duk shekara biyu, da gyaran tsaro na shekara biyar. Kasuwar hannun jari ta Landan ta mayar da cinikinta kan Linux a 2011, kuma tun Nuwamban 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki. Microsoft ɗin da shugabansa ya kira Linux ciwon daji a 2001 ya shiga Gidauniyar Linux a 2016. Sai dai mai kantin magani a Sabon Gari ba Landan zai kira ba. Yana son lambar wayar wani da zai iso kafin la'asar. Mai tallan da bai zo da wannan lamba ba, da farashinta na wata-wata a rubuce, wa'azi kawai ya zo yi.

Sai kuma ɗabi'ar ɓoye aibu, wadda ta fi komai zubar da mutuncin masu tallan. A yau CorelDraw da Photoshop ba su da bugun Linux, ga shi da su masu ɗab'i suke cin abinci. Akantan da ya gina lissafin shekaru a kan sarƙaƙƙun dabarun Excel zai sha wuya a LibreOffice. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar ƙaura a 2003, ya mayar da kwamfutoci wajen 15,000 zuwa 2013, sannan majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Siyasa ta taka rawa, amma ƙorafin ma'aikata a kan manhajojin aikinsu na yau da kullum shi ma ya taka. Wanda ya ɓoye wannan labari, ranar da mai kamfanin ya ji shi a bakin wani, ciniki ya mutu.

Jandarmomin Faransa sun bi wata hanya. A 2005 suka fara da sauya manhajar rubutu da lissafi zuwa OpenOffice, daga baya suka sauya ta shiga intanet da ta wasiƙu, duk a kan Windows ɗin da ma'aikata suka saba da ita. Sai a 2008 suka fara ɗora Ubuntu, lokacin da yawancin abin da jami'i ke taɓawa a kan allo ya riga ya zama sananne gare shi. Kamfani mai kwamfuta talatin ma haka zai yi: a ƙirga manhajojin da kowane tebur ke amfani da su, a bar na akanta da na mai zane yadda suke, a fara da teburan da aikinsu bai wuce wasiƙa da rasit da shafin banki ba, a ga yadda wata uku za su kasance kafin a taɓa saura.