Kalmar Da Malaman Rumawa Suka Ƙi Tambaya

Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya ga fitila ya ƙi ɗauka ya fi jahili laifi. Wannan shi ne abin da ake tuhumar malaman Rumawa da shi, mutanen birnin Kustantiniya, wanda yau ake kira Istambul.

Kirista ne, da Yunananci suke rubutu, ba a kuwa raina musu ilmi, gama su suka adana littattafan magabatansu. Amma da alƙalaminsu ya zo kan baƙo sai ya zama bulala. Duk wanda ba ya jin harshensu, sunansa barbaros, watau bagidaje. Musulmi kuwa 'ya'yan Hajara suke ce musu, don gori, wai kakarsu baiwa ce. Ko 'yan'uwansu Kiristan Yamma ba su tsira ba, har suna aka laƙa musu don suna ibada da gurasa marar yisti.

Wani ya ce ai tsakanin abokan gāba ba a rasa baƙar magana. Haka ne. To, amma ga abin da ba shi da hanzari. Cikin ƙarni na 9 wani malaminsu, Niketas, ya rubuta littafin sukar Alƙur'ani, ya dogara ga wata fassara ta Yunananci. Ko yaro mai allo ya san Assamadu a cikin Ƙulhuwallahu, da ya girma kuma a gaya masa ma'anarsa: wanda kowa ke nufa da bukata, shi kuwa ba ya bukatar kowa. Su sai suka mai da kalmar wai abu dunƙulalle, kamar curin ƙarfen da aka daka a maƙera. Subhanallahi! A kan wannan kuskure suka ce Musulmi wani abin bauta gare su dabam, har suka wajabta wa mai shiga addininsu daga Musulunci ya la'ance shi.

Ba wanda za su tambaya suka rasa ba. Akwai masallaci a birninsu, ga fatake, ga fursunonin yaƙi Larabawa, ga tafintoci a fada. Shekara wajen 300 kuskuren yana kwance cikin littattafai, wannan ya kwafa daga wancan, don kuskuren ya fi musu daɗin baki.

A 1180 Sarki Manuwel ya ce a soke la'anar nan, don Turkawa masu son shiga addininsa suna ƙin zagin Allah. Ba ƙaunar Musulunci ta sa shi ba, dabarar mulki ce. Duk da haka limamai suka yi kememe, wanda ya fi zafi kuwa shi ne Ustatiyos na Tasalonika, mutumin da ba a fi shi karatu ba a zamaninsa. Da ƙyar suka cire sunan Allah, suka mai da la'anar kan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

A 1203 waɗansu mayaƙan Yamma suka auka wa wani masallaci a bakin birnin. Waɗanda suka sheƙo suka tsaya tare da Musulmi su ne maƙwabtansu Rumawa. Maharan suka sa wuta, ta cinye masallacin, ta wuce ta lashe unguwanni masu yawa na Kustantiniya.