Shin dole sai da salon zane na daban wasan bidiyo zai yi fice?

A ranar 23 ga watan Agustan 2024 kamfanin Sony ya fitar da wani sabon wasan bidiyo mai suna Concord, wanda aka shafe shekaru ana aikinsa, aka kuma narka masa kuɗi masu yawan gaske. Mako biyu kacal bayan haka, ranar 6 ga Satumba, kamfanin ya janye wasan, ya mayar wa waɗanda suka saya kuɗinsu. Kafin Oktoba ta ƙare ya rufe Firewalk, reshen da ya ƙera shi. A Steam, wato babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, yawan mutanen da suka taɓa haɗuwa suna buga wasan a lokaci guda bai kai 700 ba.

Ta fuskar fasaha hotunan Concord ba su da wata makusa. Haske ya zauna daidai, fuskoki sun fito tarwai, motsi babu tangarɗa. Sai dai ƙorafin da aka yi ta maimaitawa shi ne, mutum zai kalli jaruman wasan ya kau da kai, ya kasa tuna ko guda. Ga shi kuma an sa masa farashin Dala 40, alhali irinsu Overwatch 2 da Valorant da ya zo gogayya da su kyauta ake buga su. Tun daga lokacin tsohuwar muhawarar nan ta sake tasowa tsakanin masu ƙirƙirar wasanni: shin wasa zai iya ficewa daga cikin taro ba tare da salon zane nasa na kansa ba?

Tambayar ta fi shafar ƙananan masu ƙirƙira, domin su ne kuskure ɗaya ke iya cinye musu shekara uku na rayuwa da ɗan abin da suka tara. A 2023 an saki sabbin wasanni sama da 14,000 a Steam, a 2024 adadin ya haura 18,000, kusan 50 ke nan a kowace rana. Kuɗin shigar da wasa kasuwar Dala 100 ne kawai, don haka ƙofa a buɗe take ga kowa. Mai saye kuwa abin da yake fara gani ɗan ƙaramin hoto ne da bai kai kwalin ashana ba a fuskar waya ko kwamfuta, kuma yatsansa na kan tafiya. Bai ji kiɗan wasan ba, bai san labarinsa ba, bai taɓa shi ba. Idonsa kaɗai aka samu, shi ma na ɗan lokaci.

A nan masu cewa salon zane dole ne suke da hujja mai ƙarfi, kuma babu misalin da suka fi kawowa kamar Cuphead. Wasu 'yan'uwa biyu 'yan Kanada, Chad da Jared Moldenhauer, su ne suka ƙudiri yin wasa da zai yi kama da finafinan zane na Amurka na shekarun 1930. Da hannu aka zana kowane motsi a takarda, aka bi shi da tawada, wuraren da ake wasan kuma aka shafa su da fentin ruwa. Aikin ya ja su har sai da suka bar ayyukansu na albashi, suka jinginar da gidajensu. Da wasan ya fito a Satumbar 2017, cikin mako biyu aka sayar da kwafi miliyan ɗaya. Abin lura shi ne, tun a 2014 da aka nuna 'yan daƙiƙoƙi kaɗan nasa a wani bajekolin wasanni mutane suka riƙe sunan. Zanen ya yi musu tallan da ba su da kuɗin biya.

Amma wanda ya tsaya a nan ya ji rabin labari. Cuphead wasa ne mai wuyar gaske, wanda ake mutuwa a sake, a mutu a sake, kuma mutum bai jin an zalunce shi saboda ya san kuskurensa ne. Wannan tsarin shi ya riƙe mutane bayan ido ya ƙoshi. Kuma a Steam akwai wata doka da ya kamata duk mai dogaro da ado ya tuna: wanda ya sayi wasa cikin kwana 14, muddin bai buga shi ya kai awa biyu ba, yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa. Hoto na iya sa a saya, amma abin da ya faru cikin waɗannan awa biyun shi ke yanke ko cinikin ya faɗa.

Tarihin harkar cike yake da kyawawan wasannin da kasuwa ta juya wa baya. Okami, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 2006, an yi shi ne kamar zanen tawada na gargajiyar Japan da ya tashi yana motsi. Masu sharhi sun yaba, ya ci kyaututtuka, amma cinikinsa na farko bai taka kara ya karya ba, kuma ba a jima ba aka rushe Clover, reshen da ya yi shi. Hi-Fi Rush na 2023, mai launuka kamar littafin barkwanci, ya sha yabo iri ɗaya, duk da haka Microsoft ya sanar da rufe Tango Gameworks a Mayun 2024, sai daga baya kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu ya karɓe shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ba masu zane haushi. A ƙarshen 2021 wani ɗan Italiya mazaunin Birtaniya, Luca Galante, ya saki Vampire Survivors. Yawancin hotunan da ya fara da su saye ya yi a shirye da kuɗi kaɗan, irin waɗanda kowa zai iya saye, kuma wasan ya yi kama da abin da aka tono daga shekarun 1990. Farashinsa bai wuce Dala uku ba a farko. A 2023 ya lashe kyautar gwarzon wasa ta BAFTA a Birtaniya, ya doke Elden Ring da God of War Ragnarök waɗanda ɗaruruwan ma'aikata suka yi. Sirrinsa shi ne yadda yake ba mai wasa lada a kai a kai, har ya riƙa cewa bari in ƙara zagaye ɗaya, gari ya waye. Tetris, da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Tarayyar Sobiyet a 1984, an sauya masa kama ba adadi, kuma har yau Tetris ne.

Ko a shagunan gem na Kano da Kaduna da Zariya hujjar a fili take. Abin da matasa ke layi su biya su buga shi ne ƙwallo, ko dai PES da yanzu ake kira eFootball, ko FIFA da ya koma EA Sports FC tun 2023. Waɗannan ba su neman wani salo na daban, burinsu kawai su yi kama da abin da ake gani a talabijin ranar Asabar. Abin da ke sayar da su sunayen ƙungiyoyi ne da fuskokin 'yan wasa, da kuma daɗin lallasa aboki a gaban jama'a. Free Fire ma da ya mamaye wayoyi bai fi PUBG kyan gani ba. An dai gina shi ne yadda ƙaramar waya za ta ɗauka, zagaye ɗaya kuma bai wuce kamar minti goma ba.

To idan haka ne, me ya rage na gaskiya a batun salo? Kalmar ce ake yi wa fahimta biyu. Da yawa sun ɗauka salon zane na nufin kyau ko ƙawa. Abin da wasa ke buƙata kuwa abu biyu ne da suka fi wannan sauƙi: a gane shi daga nesa, kuma mai wasa ya fahimci abin da ke faruwa a kallo ɗaya. Minecraft ba shi da kyau a ma'anar da aka saba, tubala ne masu kusurwa huɗu, mutum ɗaya ɗan Suwidin, Markus Persson, ya fara shi a 2009. Amma ko yaro ɗan shekara shida ya hango hotonsa ya san shi ne, kuma tubalan nan su ne wasan kansa, da su ake gini, su ake fasawa. Microsoft ya sayi kamfanin kan Dala biliyan 2.5 a 2014, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300. Kamfanin Valve ma da zai yi Team Fortress 2 a 2007, ya tsara jarumansa tara yadda ko inuwarsu aka gani za a bambance su, saboda a tsakiyar harbe-harbe babu lokacin ƙura ido.

Sau da yawa ma talauci ne ke haifar da salon. Mario, wanda ƙila babu fuskar da ta fi tasa shahara a duniyar wasanni, ya samu gashin baki da hula ne a Donkey Kong na 1981 saboda na'urar lokacin ba ta da isassun ɗigogin da za a zana baki da gashin kai masu motsi. Shigeru Miyamoto ya rufe abin da ba zai iya zanawa ba, sai rufin ya zama tambari. Wannan darasi ne da ya fi amfani ga mai ƙaramin jari: ba zai taɓa yin gogayya da kamfanin da ke da ma'aikata dubu wajen yin hoto kamar na gaske ba, kuma irin wannan hoton shi ya fi saurin tsufa. Wasan Zelda na 2002, The Wind Waker, an yi masa ca a lokacin saboda ya yi kama da zanen yara, yau kuma ya fi tsararrakinsa masu neman kama da gaske daɗin kallo.

Matsalar ta ƙara tsanani yanzu da kayan aiki suka zama ɗaya. Matashi a Legas ko Jos ko Jakarta, manhajar Unity ko Unreal ko Godot zai buɗe, ya shiga shago ɗaya ya sayi itatuwa da motoci da gidaje a shirye, ko ya sa ƙirƙirarriyar basira ta zana masa. Sakamakon shi ne wasanni dubbai masu kama da 'yan gida ɗaya. A irin wannan kasuwa, duk wanda ke da wani abin gani da sauran ba su da shi ya samu rata.

Nan ne maganar ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Zanen bangon gidajen gargajiya na Zariya da Kano da Damagaram, aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, shuɗin marinar Ƙofar Mata, sassaƙar ƙwarya, kwalliyar dawakin hawan sallah, duk siffofi ne masu kaifi da launuka ƙalilan, irin waɗanda ke fitowa sarai a ƙaramar fuskar waya ba tare da cin batir ko data ba. Kasuwar duniya ba ta gaji da ganinsu ba domin ba ta ma fara ba. Wasu a nahiyar sun riga sun gwada nasu: kamfanin Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, Maliyo Games na Legas kuma ya daɗe yana yin wasannin waya masu ɗauke da rayuwar titunan Najeriya.

Sai dai a yi hattara da ɗaukar al'ada a matsayin fenti. A kwafi wasan gudu irin Subway Surfers, a sa wa yaron hula zanna, a manna dagin Arewa a bango, wannan ba zai ruɗi kowa ba, ballantana 'yan gida. Never Alone na 2014 ya yi tasiri ne saboda dattawa da masu ba da tatsuniya na al'ummar Iñupiat ta Alaska suna cikin aikin tun daga tushe, da harshensu aka ba da labarin, kuma iskar ƙanƙarar da suke rayuwa da ita tana cikin abin da mai wasa ke fama da shi. Kuma ko an yi da gaske, babu tabbas. Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Birtaniya mai tsatso daga Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a Afrilun 2024, wasa mai kyan gani da ya gina kan al'adun Bantu da kuma jimamin rasuwar mahaifinsa. An yaba masa, amma cikin 'yan watanni kamfaninsa ya sallami wasu ma'aikata.

Abin da ya fi dacewa a duba shi ne wanne ke zuwa farko a wajen aiki. Lokacin da Nintendo ke gwajin Splatoon, wanda ya fito a 2015 kuma yau ake gane shi da launukansa masu ɗaukar ido, babu jarumi ko ɗaya a ciki. Wasu dunƙulallun abubuwa ne farare da baƙaƙe, kamar yankan awara, suna fesa wa juna tawada don mamaye fili. Sai da ma'aikatan suka tabbatar wasan awarar nan yana da daɗi, sannan suka fara neman siffar da za su ba shi. Sun gwada zomaye, abin bai zauna ba, domin babu wanda ya iya bayyana dalilin da zai sa zomo ya fesa tawada ko ya nutse a cikinta. Daga ƙarshe suka tsaya a kan wata halittar teku mai hannuwa da yawa wadda dama can tawada take fesawa idan ta ji tsoro.