Tsumagiya Ba Ta Gyara Ɗan Ƙanwata Ba

Ƙanwata da ke aure a Kibiya tana da ɗa mai shekara 7, wanda duk unguwa ke kira gagararre. In an aike shi sayo gishiri, sai ya yi awa guda ya dawo hannu rabbana, kuɗin ma bai san inda ya yar ba. A Islamiyya ba ya iya zaman minti biyar a kan tabarma. Ranar da ya kwaɗa wa wani yaro allo a goshi, ubansa ya zane shi da tsumagiya har sai da maƙwabta suka shigo ceto. Washegari ya sake. An yi tofi, an sha rubutu, har wani ya kawo shawarar gidan mari, duk da abin da idonmu ya gani a irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Da muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Kano, ya ce lalura ce da ake kira ADHD. Ƙwaƙwalwar yaron ce ke shan wahalar tsayar da hankali wuri guda da danne abin da ya faɗo masa a rai. Kusan yara 5 cikin 100 a duniya na da ita. Ke nan a aji mai yara 60 a Rano ana iya samun uku.

Abin da ya ba ni mamaki, iyayen yaron ne likitan ya fara koya wa darasi. Ya ce su daina jefa masa umarni uku daga tsakar gida. A matso kusa, a kira sunansa, a haɗa ido, a faɗi abu ɗaya. In ya yi daidai, a yaba masa nan take, a kuma faɗi abin da ya yi. Kullum a ware masa minti goma na wasa, ba faɗa ba gyara. In ya kai duka, a janye shi gefe ya huce, ba ihu ba zagi. Wannan ce hanyar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a fara da ita ga yaron da bai kai shekara 6 ba, kafin a yi maganar ƙwaya.

Ƙanwata ta ce min, "Yaya, yabon ya fi min komai wuya, bakina ya saba da tsawa." Ranar da ta ce masa, "Madalla, ka kawo butar da kira ɗaya," tsayawa ya yi yana kallonta, don bai saba ji ba. Har yanzu yana rawar kai, horon bai cire lalurar ba. Amma dukan yara ya ragu sosai, kuka ma ya ragu a gidan.

Wasu za su ce sangarta ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda da tanƙwarawa, amma shekara uku aka yi ana dukan yaron nan, abin da ya koya kawai shi ne duka.

Matsalarmu wajen samun wannan horo ita ce nisa da kuɗin mota zuwa Kano. Ina roƙon hukumar lafiya matakin farko ta jihar Kano ta koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na Rano, Kibiya da Bunkure wannan horo, su riƙa tara iyaye rukuni-rukuni. A gayyato maza da kakanni, domin a gidajenmu ba uwa kaɗai ke riƙe da yaro ba.