AlphaFold bai sallami masu ɗakin gwaji ba

Tun da Demis Hassabis da John Jumper suka samu kyautar Nobel a 2024 saboda AlphaFold, ake ta yaɗawa a soshiyal midiya cewa AI ta gama da matsalar gano siffar furotin. An yi gaggawa.

AlphaFold ta koyi aikin ne daga rumbun PDB, kuma yawancin siffofin da ke ciki an samo su ne ta hanyar haska X-ray a kan kiristal na furotin. To, a nan gizo ke saƙar. Wani lokaci kiristal kan fito tagwaye, ɓangare biyu manne da juna, ɗigon haskensu ya hau kan juna, tazarar mai ƙarfi da mai rauni ta ragu. Idan kuma kwafi biyu na furotin suka jeru kusan daidai da zubin kiristal ɗin, tazarar ƙaruwa take yi. In matsalolin suka haɗu, ɗaya ta rufa wa ɗaya asiri, alƙaluma su fito lafiya lau.

Duk mai rubuta manhaja ya san wannan: kuskure biyu sun soke juna, gwaji ya wuce. Bambancin kawai, a nan masu haɗa magani ne za su dogara da sakamakon.