RA'AYINMU: JIRGIN IKKO YA RIƘA ZUWA A KAN LOKACI

Tun shekarar 1983 Gwamna Alhaji Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin birnin Ikko, mulkin soja ya soke shi a 1985. Shekara 40 cif jama'a suka yi suna jira kafin Shuɗin Layi ya soma ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a watan Satumba na 2023. Jan Layi kuwa, wanda ya taso daga Agbado ya ratsa Agege da Ikeja da Oshodi ya tuƙe a Oyingbo, ya soma nasa aikin a 2024. Wannan abin yabo ne, mun kuwa yaba.

Amma akwai wata magana da muke so Hukumar LAMATA ta saurara. Lokacin da aka sayo jiragen Talgo guda biyu daga Milwaukee ta Amurka a 1922+100, wato 2022, babu abin da aka fi yayatawa kamar tsananin gudunsu. To, ina filin yin gudun? Tsawon Jan Layi kilomita 27 ne, tashoshinsa 8, ke nan tsakanin tasha da tasha bai cika kilomita 4 ba in an raba daidai. Kafin jirgi ya miƙe sosai, lokacin taka birki ya yi. Ga shi kuma hanyar tasa ta haɗin gwiwa ce da jiragen Hukumar Reluwe masu zuwa Ibadan, dole wani ya dakata wa wani.

Mu a ganinmu, lebura da ɗan kasuwa da ƙaramin ma'aikaci ba su damu da a rage musu minti 5 a cikin tarago ba. Abin da ɗan'uwanmu na Zangon Agege yake so ya sani shi ne, in an ce jirgi zai tashi ƙarfe 7, zai tashi ƙarfe 7 ɗin, yau da gobe da jibi. Wanda ya tsaya minti 40 a tasha ya yi asarar duk abin da gudun ya samar masa, mai gidansa kuma ba zai karɓi uzuri ba. In aka yi masa haka sau biyu sau uku, sai ya koma wa danfo da cunkoson da ya saba da shi, taragai su riƙa yawo fayau, bashin ginin hanya kuwa yana wuyan talakawa.

Ba mu manta da jirgin Abuja ba. An buɗe shi da biki a 2018, ya tsaya cik a 2020 saboda annobar korona, bai sake motsi ba sai 2024.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Ikko da ta sa kuɗi inda ido ba ya gani: kayan gyara a ajiye, makanikai 'yan ƙasa masu horo, jirgin ko-ta-kwana, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa a Shuɗin Layi. A kafe jadawalin tafiya a ƙofar kowace tasha. A kuma riƙa bayyana wa jama'a kowane wata yawan jiragen da suka makara da waɗanda aka soke, tare da dalili.